Azurfar da Aka Rufe wa Baki

A Kamba, dab da iyaka,
babanmu Arzika ya shekara talatin kan tabarma guda
yana canjin sefa da naira.
Duk kuɗin da ya zo baƙo, aka rasa mai karɓa,
sai ya jefa shi gwangwanin madara:
anini mai huji, ɗari, taro, sisi,
fataka biyu da suka sha hannu har suka shafe,
da girshin wani alhaji da ya taka Sudan da ƙafa.

Ba sikeli, ba madubin ƙara gani.
Yakan ɗora kuɗi kan ɗan yatsa,
ya ƙyasta da ƙusa, ya kai kunne.
In ya yi doguwar ƙara, ya ce, wannan ɗan halas ne.
In ya yi tum, ya tura wa mai shi abinsa,
ba zagi, ba gardama.

Ran Juma'a aikina ne, ni Kulu:
ruwan tsamiya, toka, tsumma,
in dirje gurus ɗin nan ta azurfa
har matar da ke jikinta ta haska.
Ladana ƙuli-ƙuli uku.

Da ƙasa ta rufe masa ido,
ƙanena Mu'awuya ya ce akwai masana a ƙetare
masu duba kuɗi su ba shi maki, iyakarsa saba'in.
Ya sayar da ɗan akuya ya biya kuɗin aike.
Wata huɗu muna jiran hukunci
kamar masu ƙara a gaban alƙali.

Ta dawo cikin ɗan kabarin roba, an liƙe,
da lamba, da hatimi mai walƙiya.
Sun ce ta gaskiya ce.
To, wannan ai Baba ya faɗa da ƙusa tun ban yi wayo ba.
Sai dai ba maki.
Sun rubuta: an goge ta.
Wai tsatsar da na kora ita ce darajarta,
wai kowane zane a fuskar matar
shaida ce a kan wani hannu marar sani.

Hannuna ke nan.
Shekara tara gare shi.

Mu'awuya ya yi tsaki, ya yi lissafin akuyarsa.
Ni kuwa na kai robar kunne na girgiza.
Shiru.
Na ƙyasta da farce: tum.
Da Baba na nan, da ya mayar musu.

Sauran na gwangwani ban aika ba.
Da dare nakan zube su kan faranti,
in ɗauki sisin nan da ya lotsa a gefe
inda haƙorin Baba ya taɓa gwada shi.
Ban san nawa za su ba shi ba.
Wuƙa dai tana nan kusa da robar,
yau kwana shida ina kallonta.