Sunan Cikin Baka

A shagon Kawu Mumuni, bayan tashar Aboabo,
kwamfutar ta riga ni fara aiki da shekara tara.
Fankarta na tari, ni ina lissafin buhunan gero.

Na rubuta farashi, na ba shi sidi ɗari huɗu da hamsin.
Sai na buɗe baka mai kusurwa, na zuba jerin kaya,
na sake kiran kowannensu farashi,
don malamin da ke cikin wayata ya ce:
abin da aka raɗa wa suna a cikin baka,
a cikin baka yake tashi, a nan yake kwana.

Na rufe baka, na tambayi farashi.
Ya ce sha biyu.
Kuɗin igiyar ɗaurin buhu ke nan, autan jerin,
ya tsallake katanga ya zauna a kujerar gero.

Wuta ta ɗauke.

Da fitilar waya na buɗe littafin da Fuseini ya tsinto a Kejetia,
ba bango, man shito ya cinye gefen shafi.
Can ƙasa, da rubutu kamar sawun tururuwa:
a kula, sunan yakan fito ya danne na waje.

To, wa ya yi ƙarya? Babu.
Ɗaya na zancen tsohon Python, ɗaya na zancen sabo.
Kowa ya faɗi gaskiyar gidansu,
ba wanda ya ba ni lambar gida.

Ai ni ma na san wannan.
A ofis, a Adum, Abena suke kirana.
Trotro na sauke ni, Talatu ce ke sauka.
Rana ɗaya ta haife mu, ba ma cin abinci tare.
Ranar da wata abokiyar aiki ta yi sallama tana neman Abena,
kakata ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa,
ta ce ba mai wannan suna a gidan nan.
Kaka, ashe sabon Python ce ke.

Wuta ta dawo, fanka ta ci gaba da tarinta.
Na canza wa na ciki suna, na kira shi baƙo,
ko ya fito ba zai tarar da takwara ba.
A gefen shafi na sa jan biro: ya danganta da shekara.

Kawu ya ɗaga kai daga carbi.
Talatu, nawa buhu?
Ɗari huɗu da hamsin, Kawu.
Ya ce, shi ne kika kai la'asar? Ai tun asuba na sani.