Faranti Ba Ya Ƙarya

Tun jiya bayan isha'i na jiƙa shinkafa
saboda wasan da za a take yau da magariba.
Su suna lissafin wa zai tsare baya, wa zai kai hari,
ni ina lissafin mudu da kwalbar mai.

Da safe Hansatu ta kai niƙa bakin Kobi,
ta dawo da ƙullu a ka, gardama a baki,
wai mai injin ya ce yau sai mun sha uku.
Na ce ajiye robar a rana, 'yar nan,
ƙullu ba ya tashi da musu.

A Muda Lawal mai attaruhu ya ce
tsadar daga sama take, Hajiya.
Na ce to, rage min daga ƙasa.
Albasa, citta, aya rabin kwano,
da ƙulin da zan kirɓa da barkono
har maƙwabta su yi atishawa.

La'asar sakaliya tanda ta hau wuta.
Masar farko ta maƙale, ban ji haushi ba,
ta farko dama rabon tanda ce.
Ta biyu ta juyo da gefe ja,
ciki fari kamar audugar kaka.
Awara ta yi iyo a ƙwai ta faɗa mai,
gyaɗa na tsalle a cikin yashi.
Kunun aya kuwa sai ƙanƙarar gidan Asabe,
don firjinmu ya daɗe da yanke ƙauna.

Ga Barau da rigar kulob ta matse masa tumbi.
Ga Isiyaku tela, tun daga zaure yake cewa ya ƙoshi,
bai zauna ba ya ɗaga murfin kwano.
Baffa Jauro da rediyo a aljihu,
shi bai yarda da abin da ido kaɗai ya gani ba.

Ni ban shiga falo.
Daga madafi nake kallon nawa wasan.
In Hansatu ta fito da faranti a side,
na san ƙwallo na gidan abokan hamayya.
In an ce a ƙaro yaji, an kusa.
Da ihu ya tashi har kaji suka watse,
na ji kofi ya faɗi, ban tambayi na wa ba.

Bayan hutun rabin lokaci
shiru ya shigo ya sami kujera.
Masa goma sha biyu na aika,
sha ɗaya suka dawo, sun huce,
ɗayar da gatsa guda a jikinta.
Aka zagi alƙalin wasa, aka yi istigfari,
aka sake zaginsa.

Sun fita ana neman takalma a duhu.
Maigidan ya leƙo, murya ta dushe:
kin ji yadda aka tashi?
Na nuna masa tire.

Isiyaku ya dawo daga bakin ƙofa,
wai ko da 'yar leda, saboda yara.

Hansatu na kankare tanda
tana zana min satar gida da yatsa a kan toka:
nan mai tsaron baya, nan ɗan wasanmu, Inna,
wallahi ba ta shiga ba.
Na ce to. Rufe sauran ƙullun,
gobe akwai karin kumallo.