Littafin Awon Tela

Shekara arba'in da ɗaya nake yanka yadi
a lungun maƙeran jan ƙarfe, birnin Antep,
inda guduma ke gaisawa tun rana ba ta fito ba.
Sunana Nevzat. Almakashina na gado ne,
littafin awona ya kai kundi goma sha huɗu:
sunan mutum, faɗin kafaɗa, tsawon ƙafa,
zagayen ciki, zagayen kwatangwalo, kwanan wata.

Ban taɓa zaton ina rubuta komai ba
face abin da zai hana wando matsewa.

Sai ranar da Ferhunde, 'yar ƙanwata,
mai aikin jinya a asibitin unguwa,
ta fake wa ruwan sama a shagona.
Ta buɗe kundi na tara tana kurɓar shayi,
ta ce, Kawu, miƙo fensir.
Ɗauki awon ciki, raba shi da na kwatangwalo.
In namiji ya kai ɗigo tara, a sa masa ido,
mace kuwa ɗigo takwas da biyar ne iyakarta.
Ba hukunci ba ne, ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Na ce, to sikeli fa?
Ta ce, sikeli ya san nauyin buhu,
bai san inda hatsin ya taru ba.
Kitsen cinya baƙo ne mai kunya, a bakin ƙofa yake tsayawa.
Na ciki shi ke kutsawa har ɗaka,
ya jingina da hanta, ya takura zuciya,
ya buɗe wa suga da hawan jini taga.

Ruwa ya ɗauke, ta tafi. Ban rufe shago ba.
Na kunna fitila, na bi shafuka ɗaya bayan ɗaya.
Ga Hulusi mai gasa baklawa,
ciki ɗari da takwas, kwatangwalo ɗari cif,
ƙafafu sirara kamar na zalɓe.
Bara waccan muka raka shi makwanci.
Ga Cevdet direban babbar mota,
duk shekara ina ƙara masa yatsa biyu a ƙugu,
muna dariya, muna cewa arziki ne ya sami wurin zama.
Yanzu matarsa ke zuwa karɓar ɗinki,
tana roƙon a sa roba maimakon maɓalli,
hannunsa na dama ya daina jin magana.

Amma ga tsoho Rüstem, tuni lissafinsa ya haura,
har yau da ƙafarsa yake hawa tudun ganuwa.
Lamba ba ta san ranar kowa ba.
Hadari take nunawa,
ba ta rantse za a yi ruwa ba.

Can dare na tuɓe taguwa gaban madubin gwaji.
Wanzami ba ya son jarfa, na sani.
Na laluba haƙarƙarin ƙarshe, na laluba ƙashin ƙugu,
na ɗora tef a tsakani yadda ta koya mini,
na saki numfashi, ban tsuke ciki ba,
don na sha kama masu tsukewa.
Casa'in da takwas. A ƙasa, ɗari da ɗaya.
Na raba har sau biyu, ko fensir zai ji tausayina.
Ɗigo tara da bakwai.

Yanzu da asuba nakan zaga tsohuwar kasuwa sau biyu
kafin maƙera su ɗaga guduma.
Ƙwayar sukari ɗaya a shayi, da uku ne.
Baklawa sai Juma'a, ita ma yanki guda,
ina ci a hankali kamar mai ban kwana.

Na ja sabon layi a gefen kowane shafi.
In na gama awo nakan ce, Malam, leƙa asibiti,
a duba jininka, ba don ni ba.
Wasu su gode. Wani ya ce ɗinki ya kawo, ba wa'azi ba,
ya kwashi yadinsa ya fice.

Jiya na zauna kan keke da wandona na aiki,
na farke bayansa,
na rage yatsa ɗaya.