Abin da Ba Ku Sa a Akwati Ba

Ni ce majon da ke kwana a ɗakin magani na jami'a:
ɗaki biyu, gado uku, fanka ɗaya mai tari.
Shekara tara ina karɓar ƴaƴanku da tsakar dare.
Yau da ku nake, iyaye.

Na ga akwatunan da kuke ɗaure musu.
Daga Magarya, ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake,
daga Mirya, yajin da uwa ta daka da hannunta,
daga Tanut, cuku a naɗe cikin tsumma,
bargo, buta, tabarma,
da addu'ar da ta rako su har tasha.
Komai ya iso Damagaram lafiya,
sai takarda guda
mai faɗin abin da jikinsu ya taɓa gani.

Mutari ya zo mini daren Laraba a kan kabu-kabu,
mai tuƙi a gaba, aboki a baya,
shi a tsakiya kamar buhun gero.
Gaɓoɓinsa na sara.
Na ce, kana da amosanin jini?
Ya kalli rufi.
"Baba ya ce kada in faɗa,
kada a ce gidanmu da ciwo."
Awa biyu muka yi muna lalube a duhu,
abin da layi ɗaya na biro zai faɗa tun daga ƙofa.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam,
kuma ni ba na kai labari kasuwar Dole.

Ku san abin da ke hannunmu:
awon zazzaɓi, ƙarin ruwa, ɗaurin rauni,
ƙwayar da ke sauke zafin jiki,
da kunne.
Ba mu ɗaukar hoton ƙirji, ba mu fiɗa.
Abin da ya fi ƙarfinmu sai babban asibiti,
kuma ordonansi ba ta sayen kanta.
Ku ware ƴan jikkuna, ku kira su da sunan ciwo,
kada su narke a kuɗin fotokofi.
Ku ba mu lambar da ake ɗauka,
ba ta kawun da ya tafi Agadas tun bara ba.

Cima kuwa, da robar ruwa a jijiyarta
na ji ta a waya: "Lafiya lau, Inna."
Innar ta ce madalla, ta kashe.
Kwana huɗu yarinyar nan tana haɗiyar ƙwayoyi
daga kwalin mai talla, waɗanda rana ta gama dafawa,
don kada jarrabawa ta wuce ta.
Gidan sauron da kuka saya mata
labule ya zama a taga.
In sun ce lafiya lau, ku sake tambaya.
Ta biyun ce ke buɗe baki.

Akwai kuma ciwon da ba ya hawa ma'aunin zafi.
Lawali yakan zo ƙarfe uku, ya ce kansa.
Ba kansa ba ne.
Gonar da aka jinginar don karatunsa ce
ke zaune masa a ƙirji kamar dutsen Birni.
Kullum kuna tambayarsa maki nawa.
Wa ya taɓa ce masa, ka yi barci?

Ba faɗa nake ba.
Ni ma tawa tana Maradi, aji biyu,
kuma sai da na kai tasha na tuna
ban rubuta allurar da jininta ke ƙi ba.

Jiya da hantsi mahaifin Mutari ya sauko daga motar Matamai.
Bai zauna ba sai da na ce sau biyu.
Ya zaro leda daga aljihun gaba,
cikin ledar wata leda,
cikinta karne mai launin ƙasa, gefensa gara ta taɓa.
Ya miƙo da hannu biyu.
"Karanta, Majo," ya ce,
"ni ajiyewa kawai na iya."