Ƙidaya a Dajin Kamuku

Mun baro Birnin Gwari kafin assalatu,
ni da Baba Cindo, tsohon mai gadin daji,
shi da gorar ruwansa, ni da littafin ƙidaya
wanda ya shekara tara bai ga tawada ba.

Ya ce, "A nan doka ke rufe rana,
azahar ta yi kamar almuru."
Na ɗaga kai. Sarari fetal.
Kututture baƙi, can wani kututture baƙi,
kamar sauran haƙora a bakin tsoho.
Ramin da jirgi ya haƙa a dare ɗaya
ya tara ruwan sama, kwaɗi sun kafa gari.
Kwanson harsashi ya fi ƙwaran kaɗanya yawa a ƙasa.

Abin da wuta ta bari, gatari ya bi.
Abin da gatari ya kayar ya tafi birni a buhu,
aka gasa masara da shi a tashar Kawo.
Ni ma na ci. Ban tambaya ba.

Shafin farko: giwa, babu.
Gwanki, babu. Mariri...
Baba ya ce in daina karantawa da ƙarfi,
ba a kiran sunan mamaci a ƙofar ɗakinsa.

Sai da hantsi ya dubi ludayi,
a gindin wani falalen dutse,
ya damƙe mini hannu da yatsunsa shida.

Birinya.
Ja, irin jan ƙasar gini,
dogayen ƙafafu, kunne ɗaya a yage,
farin gashi a leɓe kamar ta sha fura ba ta goge ba.
Tana gaigayar taura
daga bishiyar da rabinta gawayi ne, rabinta toho.
A ƙirjinta wani ɗan abu ya maƙale,
bai fi tafin hannuna ba,
idanu ne kawai da wutsiya.

Ta dube mu.
Ba kallon tsoro ba,
kallon mai gida ne da waɗanda suka ƙone masa rumbu
suka dawo yi masa barka da asuba.

An ce biri ya yi kama da mutum.
Na waiga na dubi dajin,
na ce kada a yi mata ƙazafi.

Baba, wanda ya sha harbin kakanninta kan zangarniyar dawa,
leɓensa na rawa, yana cewa
"Sannu, sannu, uwar gida, ashe kina nan."

Tsalle uku, dutsen ya haɗiye ta.

Biro ya ƙi. Na hura masa iska, na goga a tafi,
na rubuta: ɗaya.
Ya leƙo, shi da bai yi boko ba,
ya ce, "Wannan sanda guda ce. Ƙara mata ɗanta.
Amma inda muka gan su,
bar wurin fari."