Inji Ɗaya Bai Dawo Ba

Ƙarfe bakwai da rabi, ruwa na zuba a Sheffield
kamar an biya shi lada.
Na jido kwalaye daga bayan mota:
murafun kwalaben madara ɗari biyu
da na yi wata uku ina bin maƙwabta a kansu,
batir, waya, ƙananan injina,
da almakashi masu dakusasshen baki,
don haka takardar makaranta ta ce.

Takardar nan shafi shida ce.
Ta hana reza, ta hana ƙusa,
ta tambayi abin da zan yi in yaro ya haɗiye maganaɗisu.
Na sa hannu ina duban tabon babban yatsana,
kyautar gwangwanin tumatir a Funtuwa
ranar da na ƙera tifata ta farko.
Ran nan ba wanda ya cike komai,
toka aka barbaɗa mini, na koma kan aiki.

Su talatin da ɗaya suka shigo, takalma na ɗiga.
Misis Ollerenshaw ta tafa sau uku, aka yi tsit,
tsit ɗin bai kai numfashi biyu ba.

Na ce yau kowa zai yi mota mai tafiya da kanta.
Maisie ta ce, ina taka?
Na ce na baro ta gida,
don kada in ga irinta talatin da ɗaya.

Tobiasz ya shafe tayoyinsa da gam,
sun tsaya ƙyam, sun yi kyau, sun ƙi juyawa.
Ya yi fushi da gam, ya yi fushi da ni,
sannan ya ɗauki tsinke ya fara ɓamɓarewa.

Motar Harpreet ta tashi da baya,
ta faɗo daga tebur.
Waya biyu kawai za a sauya,
hannuna har ƙaiƙayi yake,
na tura shi aljihu.
Babana, mai gyaran rediyo a bakin tasha,
bai taɓa karɓe mini sukundireba ba,
ko da ina ɓata masa kayan mutane.
Sai ta ciro fitilun kwali daga goshin motar
ta manna su a gindi.
Ta ce, yanzu nan ne gaba.

Akwai wani, Fintan,
ƙarƙashin tebur, kusa da bututun ɗumi,
tafukansa a kan kunnuwa.
Aka raɗa mini: hayaniya ce ba ya so, a ƙyale shi.
Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara.
Ban ce uffan ba.
Na ajiye batir, na ajiye inji, na ja baya.
Ya daɗe yana kallo.
Da ya haɗa wayar, abin ya yi rawa a tafinsa,
ya saki, ya sake, ya saki, ya sake.
Bai yi mota ba.
Ya yanka kwali gida uku ya soka a kan injin,
ya juyo da iskar kan fuskata,
ashe ya ga gumin da nake yi.

Ƙarfe biyu aka yi tsere.
Tara suka kai layi,
shida suka yi ta zagaye kamar kaza ta sha bugu,
ɗaya ta yi ƙauri muka cire mata batir.
Ta Harpreet ce ta uku, da gindinta a gaba.

Sun watse. Shayina ya yi sanyi tun safe.
Na share, na ƙirga, na sake ƙirgawa:
inji ɗaya bai dawo ba, da batir ɗaya.
Ta taga na hango shi a matsayar bas,
kusa da uwarsa, cikin ruwa,
hannunsa na dama cikin aljihun kwat,
aljihun na ɗan kaɗawa.

A shafi na shida, inda aka ce kayan da suka ɓata,
na rubuta: babu.