Shafi na Goma Sha Bakwai

Ni ce mai buga takardu a hawa na uku,
biron ƙarshe, kusa da inda ake wanke kofuna.
Ta tagata ana hango kogi,
da kwale-kwalen kabewa suna gangarowa Yamai.
Mako uku ke nan ina buga magana ɗaya:
wai za a haɗa renon yara da karatunsu
ƙarƙashin rufi guda, a ƙasa baki ɗaya.

Jiya sun zauna tun hantsi.
Na lafiya ya ce, "Daga haihuwa zuwa yaye namu ne,
mu ke awo, mu ke allura."
Na ilimi ya gyara tabarau:
"In ya kai huɗu, ya iya riƙe alli, ku miƙo shi."
Wata daga ƙarshen tebur ta ce,
"To, tsakanin nan fa?"
Sai aka shigo da shayi.
Kowa ya yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
kowa kuma yana so jinkar ta sauka a gidansa.

Tsakanin nan, sunanta Sahiya.
Shekara biyu da wata takwas,
kalmominta kamar sittin,
wasu Hausa, wasu Zabarmanci,
saura nata ne ita kaɗai.
Kullum da sassafe nakan goya ta a Bukoki
in sauke ta gidan Inna Gambina,
mai riƙon yara tara a rumfar kwano,
da tabarma biyu, da randa, da rediyo ɗaure da roba.
Jika uku a wata.
Wadda ba ta da shi ta kawo gero.

Inna Gambina ba ta taɓa taka lakwal ba.
Amma ita ta lura Lawali ba ya waiwayowa in an kira shi,
ta matsa wa uwarsa sai da aka duba kunnen.
Ita ta koya wa Sahiya ƙirga da marafan kwalba.
Na bi shafi arba'in ɗin da na buga da yatsa
ina neman inda za ta zauna.
Ba malama ba ce, ba 'yar jinya ba,
takardar ba ta san da ita ba.

Yau da azahar wuta ta ɗauke.
Mushe Illiyasu ya tsaya bakin ƙofata
yana fifita da daftarin.
Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce,
"Shafi na goma sha bakwai da saura."
Ya dube ni kamar injin ne ya yi magana.
Na ba shi labarin rumfar, da geron, da kunnen Lawali.
Ya ce, "Irinta nawa ne?"
Na ce, "A layinmu kaɗai, huɗu."
Ya daɗe shiru.
Sannan ya zaro jan biro, ya rubuta a gefe, a karkace:
matan da ke reno a unguwa,
a ƙidaya su, a horar da su, a kai musu awo da abinci.
Da wuta ta dawo na buga,
layi biyu da rabi.

Ban sani ba ko za su rayu.
Akwai sauran hawa biyu a samanmu,
akwai masu kuɗin gwamnati da almakashinsu.

Na isa Bukoki ana kiran magariba.
Sahiya ta yi barci, murfin kwalba a dunƙule a hannunta.
Inna Gambina ta ɗora mini ita, ta ja zanen.
Na so in ce, Inna, kin shiga takarda.
Ta riga ni:
"Yau ta ƙirga har bakwai,
biyar ce dai take tsallakewa.
Gobe ki taho da sabulu."